Amsoshin Tambayoyinku: Shin surutun kafafen labarai na iya karkatar da shari'ar kisan yaro?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Mandera, nan yankin Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato. Na ji a rediyo ana maganar wata yarinya da aka kashe a Amurka shekaru masu yawa, har yau ba a gano wanda ya kashe ta ba. Mai sharhin ya ce ko yanzu aka kama wani, da wuya a sami masu taya alƙali yanke hukunci waɗanda ba su riga sun yanke nasu a zuci ba, saboda abin da jaridu da talabijin suka cusa musu. Su wane ne waɗannan masu taya alƙali? Sannan ni a ganina, ba don surutun da aka yi a kan Hanifa ta Kano ba, da tuni an binne maganar. To ta yaya abin da ya taimaka a Kano zai zama illa a wani wuri?

Amsa: Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma ta biyun ta fi nauyi, don haka bari mu sallami ta farkon da wuri.

A Amurka da Ingila da Ostareliya, idan laifi babba ne kamar kisan kai, ba alƙali ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Ana zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari, galibi daga rajistar masu zaɓe: direba, nas, mai kanti, ɗan fansho. Babu wanda ya nemi su san doka. Za su zauna su saurari shaidu daga farko har ƙarshe, alƙali ya yi musu bayanin abin da doka ta tanada, sannan su shige ɗaki su rufe ƙofa, su fito da matsaya guda. Ba a tambayarsu dalili, ba sa kuma rubuta shi. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba. Gana na da irin tsarin, da mutum 7 a shari'ar kisa, saboda haka Bahaushen zango a Kumasi ko Nima na iya tsintar kansa a kan wannan benci. A Najeriya Turawa sun kafa shi a Legas, aka soke shi a shekarun 1970 zamanin soja, kuma yau babu kotun da ke aiki da shi a ƙasar nan.

Bayanin da ka kawo ya yi daidai da labarin JonBenét Ramsey, 'yar shekara 6, a garin Boulder na jihar Colorado. Da asubahin 26 ga Disamba 1996 mahaifiyarta ta kira 'yan sanda, ta ce ta tsinci wasiƙar neman kuɗin fansa dala 118,000 a cikin gida, yarinya kuma ba ta ɗakinta. Bayan wasu sa'o'i mahaifin ya gano gawar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan. Kafin nan 'yan sanda sun bar abokan arziki suna ta kai-kawo a ciki, shi kuma uban ya sungumo gawar ya hau da ita sama. Tun ranar farko ke nan alamomin da masu bincike ke dogara da su suka gurɓace. Da hujja ta yi ƙaranci, sai hoto ya cike gurbi. Yarinyar tana shiga gasar kyau ta yara, akwai bidiyonta cikin kwalliya irin ta manya, gidajen talabijin suka yi ta nanata shi wata da watanni, har miliyoyin mutane suka ƙudurta cewa iyayen da za su yi wa 'yarsu wannan ado za su iya aikata komai.

A 1999 wani zauren 'yan gari, irin wanda aikinsa duba ko akwai isasshiyar hujjar gurfanar da mutum, ya amince a tuhumi iyayen. Mai gabatar da ƙara Alex Hunter ya ƙi sa hannu, ya ce abin da ke hannunsa ba zai tsaya a kotu ba, kuma jama'a ba su san zauren ya yi haka ba sai a 2013. A 2006 aka kama wani malamin makaranta, John Mark Karr, a birnin Bangkok, ya ce shi ne ya yi sanadin mutuwarta. Aka ɗauko shi a jirgi, 'yan jarida na biye da shi har da rahoton abin da ya ci a hanya. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ba shi ba ne. A 2008 mai gabatar da ƙarar da ta gaji Hunter, Mary Lacy, ta rubuta wa uban takardar wanke iyalin, a lokacin uwar ta shekara biyu a kabari. A 2016 gidan talabijin na CBS ya sake nuna yatsa, wannan karon ga yayan yarinyar, wanda shekararsa 9 lokacin da abin ya faru. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 750, aka sasanta a wajen kotu. Ka ga mutum huɗu ke nan aka rataya wa laifin a bainar jama'a, ba a taɓa gurfanar da ko ɗayansu a kan kisan ba. Mai sharhin da ka ji bai yi ƙari ba. Ina za a samo mutum 12 a Colorado da babu ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki a ƙwaƙwalwarsa?

Yadda abin ke aiki a kan ɗan Adam ba boyayye ba ne. Labarin da ya riga shiga kunne shi ke zama ma'auni, duk wanda ya biyo baya da shi ake gwada shi. Shaidar da ta dace da abin da mutum ya riga ya ji sai ta yi masa nauyi, wadda ta saɓa kuma sai ya nemo mata uzuri. Ga kuma mantuwa iri guda mai haɗari: mutum na riƙe magana ya manta inda ya tsince ta. Bayan mako shida a kotu, mai taya alƙali ba zai iya rantsuwa cewa zancen "an taɓa kama shi da dukan matarsa" daga bakin shaida ya ji shi ko daga jarida ba. Alhali irin wannan zance shi ne doka ke hana kawowa gaban kotu a mafi yawan lokuta, domin laifin jiya ba ya tabbatar da na yau. Alƙali zai ce musu su cire duk abin da suka ji a waje daga ransu, za su amsa da gaske, suna kuma ganin sun cire. Amma farin ƙyallen da ya shiga marina, ko an wanke shi sau goma, ba ya komawa yadda aka saƙa shi. Idan kuma wanda aka kashe yaro ne, zuciya ba ta yarda a tashi babu mai laifi. Sakin wanda ake tuhuma sai ya zama kamar an ci amanar gawar.

Misalin da ya fi kowane tsayawa a rai na Ostareliya ne. Daren 17 ga Agusta 1980, wasu ma'aurata, Lindy da Michael Chamberlain, sun kafa tanti kusa da babban dutsen nan na Uluru tare da 'ya'yansu. Uwar ta ƙwalla ihu cewa karen daji, wanda suke kira dingo, ya ɗauke jaririyarta Azaria mai mako 9. Ba a taɓa ganin gawar ba, sai wasu kayan jikinta. Binciken farko a 1981 ya gaskata ta. Amma gari ya riga ya ɗauka. Mijin limamin wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ne da mutane ba su saba da ita ba, sai aka baza cewa sunan jaririyar na nufin hadaya a daji, alhali ƙarya ne. Aka ce an taɓa ganin ta sa wa jaririyar baƙar riga. Babban laifinta a idon masu kallo shi ne ba ta kuka a gaban kyamara yadda suke ganin ya kamata uwa ta yi. Masana suka zo kotu suka ce sun ga jinin jariri a cikin motar iyalin. Ranar 29 ga Oktoba 1982, a birnin Darwin, mutum 12 suka same ta da laifin yanka 'yarta, aka yi mata ɗaurin rai da rai tana da tsohon ciki, ta haihu tana tsare.

Tun farko ta dage cewa jaririyar na sanye da wata 'yar rigar sanyi a kan kayanta, masu gabatar da ƙara suka ce ƙirƙira ce. A farkon 1986 wani Baturen Ingila mai yawon buɗe ido ya faɗo daga dutsen ya mutu. Garin neman ragowar gawarsa aka tsinci rigar nan a kusa da ramukan karnukan daji. Aka sake ta. Daga baya ta bayyana cewa abin da aka kira jini a ƙarƙashin gaban motar wani sinadari ne da kamfani ke fesawa don rage ƙara. An soke hukuncin a 1988, amma sai a watan Yuni 2012, bayan shekara 32, hukuma ta rubuta a takardar mutuwa cewa karen daji ne. Duk wanda ya yi karatun allo zai tuna ƙissar Annabi Yusufu, inda aka zo da riga da jinin ƙarya aka ɗora wa kerkeci laifin da bai yi ba. A nan dabbar ce ta yi, aka ɗora wa uwa.

Ƙasashen da ke da wannan tsari sun san ciwonsu, suna kuma ta neman magani. Ana yi wa waɗanda za a zaɓa tambayoyi don a tace masu ra'ayi. Ana ɗauke shari'a daga garin da abin ya faru. Wani lokaci a killace su a otal ba waya ba jarida, kamar yadda aka yi a Florida a 2011 a shari'ar Casey Anthony da aka zarga da kashe 'yarta mai shekara 2: daga wata gunduma daban aka ɗebo su, suka wanke ta daga kisan, gari ya fusata har kotu ta ɓoye sunayensu na wasu watanni. Ingila ta fi tsanani. Dokarta ta 1981 ta sa buga abin da zai iya gurɓata shari'ar da ke gudana ya zama raina kotu, kuma a 2012 an ɗaure wata malamar jami'a da ke cikin masu taya alƙali wata 6 saboda ta binciki wanda ake tuhuma a intanet ta gaya wa abokan zamanta.

Yanzu mu dawo gida, ga Hanifa Abubakar, Allah ya jiƙanta. Kana da gaskiya, Malam, kuma ba zan rage maka ita ba. An sace ta a farkon Disamba 2021 tana dawowa daga Islamiyya, tana da shekara 5. A watan Janairu 2022 jami'an tsaro suka kama Abdulmalik Tanko, mai makarantar Noble Kids da take zuwa a Kwanar Dakata, wajen karɓar kuɗin fansa bayan ya nemi naira miliyan 6. Aka tono gawarta a harabar wata makarantarsa. Ranar 28 ga Yuli 2022 Mai shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Kano ya yanke wa Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya, ya ɗaure Fatima Musa shekara 2. Wata shida ke nan daga kamu zuwa hukunci, a ƙasar da mutum kan shekara biyar yana jiran shari'a a gidan yari. Babu mai musun cewa idon jama'a ne ya sa fayil ɗin bai kwanta a durowa ba, har kwamishinan shari'a na jihar ya jagoranci ƙarar da kansa.

Amma ka duba me aka riƙe a hannu kafin surutun ya kai ƙololuwa. An kama mutum a wurin karɓar kuɗi. Akwai gawa, kuma a wurin da yake iko da shi. Bincike ne ya fito da suna, jama'a suka bi baya. A labarin Amurka da na Ostareliya jama'a ne suka fito da suna, bincike ya bi bayansu yana neman abin da zai gaskata su. Illar da shari'ar Hanifa ta bar mana, ba da niyyar kowa ba, ita ce ta koya wa mutane cewa duk wanda gari ya nuna shi ne. Hausawa kuwa sun riga sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Ko a wannan shari'ar da ta ƙare daidai, akwai abubuwan da bai kamata mu saba da su ba. An gabatar da Tanko ga 'yan jarida yana bayanin yadda ya sayi shinkafar ɓera ta naira 100, bidiyon ya zaga duniya, sannan da aka zo kotu ya musanta kisan. An banka wa makarantar Tanko wuta cikin dare tun shari'a ba ta fara ba. Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, ya yi alƙawarin sa hannu a takardar kisa kafin a saurari shaida ko ɗaya. Na fahimci zafin da ya sa shi faɗa, amma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, kuma gwamna ya rantse zai kare wannan sashe. Da aka je Babbar Kotu sai da aka ɗage zama saboda waɗanda ake tuhuma ba su da lauya, aka nemo musu daga hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati. Ka ɗauka duk wannan ya faru, sannan a ce mutumin da ke hannu ba shi ba ne. Wa zai iya buɗe baki?

Kada rashin mutum 12 a kotunanmu ya sa mu saki jiki. Surutu na da wasu ƙofofin, kuma mafi faɗinsu ofishin 'yan sanda ne. Idan rediyo na tambaya kullum, kwamishina na kiran DPO, DPO na kiran mai bincike, abin da ake so shi ne a nuna wani. Da zarar an nuna shi, sauran hanyoyin bincike sun rufe, don babu jami'in da ke son komawa gaban 'yan jarida ya ce wancan na makon jiya kuskure ne. A nan ne "ya amsa da bakinsa" ke shigowa, maganar da ke kashe kowace gardama a majalisa. Karr ma ya amsa da bakinsa, ba tare da an taɓa lafiyarsa ba, balle wanda ya kwana uku a hannun masu kulki. Shi ya sa dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa, dokar 2017 ta haramta azabtarwa, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta yi tanadin ɗaukar bayanin wanda ake zargi a bidiyo da kuma gaban lauyansa. Jihar Legas ta haramta baje kolin waɗanda ake zargi a 2021, hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa ma ta sanar da dainawa a 2025. Sai dai kowa yanzu da kyamara a aljihunsa.

Shaida ma na lalacewa. Matar da ta hango wani da yaro a bayan babur da magariba, idan ta ga hoton wanda aka kama sau ashirin a WhatsApp, fuskar hoton za ta maye gurbin wadda ta gani, kuma za ta rantse da Alƙur'ani tana mai gaskiya a zuciyarta. Lauya mai wayo zai tambaye ta yaushe ta fara ganin hoton, shi ke nan shaidarta ta zube. Ka lura, wannan kan kuɓutar da mai laifi na ainihi kamar yadda yake halaka marar laifi. Wanda kuma ya san cewa wanda ake zargi yana kasuwar wani gari a ranar, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, don kada a ce da shi aka haɗa baki.

Alƙali fa? Yana da garkuwar da mutum 12 ba su da ita. Dole ya rubuta dalilansa, shaida bayan shaida, ya nuna an tabbatar da laifi ba tare da kokwanto mai ma'ana ba, yana sane cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, da Kotun Ƙoli za su bi rubutun layi-layi. Abin da aka faɗa a Facebook ba shi da wurin zama a cikin wannan rubutu. Wannan garkuwa ce ta gaske, kuma ita ce ta sa ban goyi bayan masu kiran a dawo mana da tsarin 'yan gari a halin da muke ciki na ƙabilanci da bambancin addini ba. Amma alƙali mutum ne, a gari yake kwana, a masallacin unguwa yake salla. Ba da beli, yarda da shaidar wane a kan ta wane, tsananin hukunci, duk wurare ne da doka ta bar masa zaɓi, kuma ta nan iska ke shiga.

Faransa ta ga haka. Ranar 16 ga Oktoba 1984 aka tsamo gawar Grégory Villemin, ɗan shekara 4, daga kogin Vologne, hannu da ƙafa a ɗaure. Alƙalin da aka ba binciken, Jean-Michel Lambert, matashi ne, 'yan jarida suka yi masa rumfa, shi kuma ya riƙa yi musu magana. Ya tsare wani ɗan'uwan uban yaron, Bernard Laroche, bisa maganar wata yarinya da ta janye daga baya. Aka sake shi a Fabrairu 1985, amma uban yaron ya riga ya gamsu, ya harbe shi har lahira a watan Maris. A watan Yuli alƙalin ya juya kan uwar yaron ya tuhume ta, wasu jaridu na tafa masa. Sai a 1993 aka wanke ta sarai. Lambert ya kashe kansa a 2017. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisan yaron ba.

Kai da kake ƙasar Bodinga ba ka buƙatar zuwa Turai neman wannan ilimi. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga, shi ne kuma ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami a kan yadda shugaba da alƙali za su riƙe amana. Fiƙihun Malikiyya da suka karantar, wanda ke cikin Risala da Muhtasar da Tuhfa, ya tsaurara a kan jini fiye da yadda masu ihu ke zato. Alƙali ba ya hukunci da saninsa na kansa, sai da abin da ya tabbata a gabansa. Ana bincikar adalcin shaidu, ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, kuma kafin hukunci ana yi wa wanda ake tuhuma i'izari, a tambaye shi ko yana da suka a kan waɗanda suka ba da shaida. Ko ƙasama, rantsuwa 50 da dangin mamaci ke yi, ba ta hawa sai da alama mai ƙarfi, kamar adili guda da ya ga kisan. Malaman mazhabar sun fayyace cewa tsintar gawa a ƙauyen wasu mutane ko a gidansu, shi kaɗai, bai kai wannan alama ba. In alƙali bai isa ya yi hukunci da abin da idonsa ya gani a waje ba, ina ga saƙon murya da ba a san wanda ya fara turo shi ba? Aya ta 6 a Suratul Hujurati ma umarnin tantance labari take yi, da gargaɗin nadamar da ke biyo bayan cutar da mutane cikin jahilci.

A ƙauyukanmu, abin da na fi tsoro bai kai ga kotu ba ma. Yaro ya ɓace, an tsinci gawarsa a rijiya ko a gona, babu ɗan jaridar da zai zo daga birni. Jaridar wurin ita ce majalisa, da bakin rijiya, da 'yan kabu-kabu, da wayar hannu. Kafin la'asar an sami suna, kuma sunan ba ya faɗawa kan mai ƙarfi. Kishiyar uwa ce, ko tsohuwar da aka daɗe ana yi wa raɗar maita, ko almajiri, ko baƙon da ya sauka shekaranjiya, ko makiyayin da ya ratsa da shanu. A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi jihar an sami ƙarin tambari, infoma, wanda in an manna wa mutum da wuya ya kwana. Wani lokaci har a je wurin mai duba ya ƙara tabbatarwa. Mun ga ƙarshen irin wannan hanya a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin Salla, bayan an ce masu garkuwa da mutane ne. Duk Arewa ta yi kuka da wannan zalunci, kuma ya cancanci kuka. Waɗanda suka aikata shi ma a lokacin sun tabbata a ransu cewa sun kama masu laifi.

Saboda haka ba shiru nake kira a yi ba. Shiru shi ne abin da mai kisa ke fata, musamman in yana da dangi masu faɗa a ji, kuma maganganu nawa aka kashe da "a bar wa Allah" saboda mai laifin ɗan gida ne. A yi surutu, amma a juya shi ga masu alhakin bincike. A tambayi 'yan sanda ko likita ya duba gawar, ko an mayar da fayil sashen binciken manyan laifuka a Sakkwato, ko ma'aikatar shari'a ta ba da shawararta, ko an sa ranar zama. Waɗannan tambayoyi ana iya yin su kullum a rediyo, da suna da kwanan wata, ba su taɓa ɓata shari'a ba.

In Allah ya kiyaye abu irin wannan ya faru a wajenku, Malam, kai mai ilimi ne, za a saurare ka. Ka hana mutane tattake wurin da aka sami gawar. Ka roƙi iyaye, duk da son gaggauta sutura da addini ya koyar, su bari hukuma da likita su gani kafin a yi wanka, domin abin da ruwa ya tafi da shi ba ya dawowa. Kada a yaɗa hoton gawar yaron. Wanda ya ga wani abu a raka shi wurin mai gari da 'yan sanda ya faɗa tun bai ji na wasu ba. In kuma aka turo maka hoton wani a waya aka ce shi ne, kada ka tura gaba. Ka kira wanda ya turo, ka tambaye shi ko zai bi ka ofishin 'yan sanda na Bodinga ya faɗa da bakinsa a rubuta, ya sa hannu.